Waƙa ta Bakwai a Faifan Ɗanliti

"Makaɗi dai, Hafiza. Duk mazan da ke cikin Ƙanƙara ki rasa wanda za ki kwaso mana sai mai gurmi."

Karo na uku ke nan a mako guda Goggo Lauratu tana tare ta a tsakar gida da wannan magana, kuma kullum sai ta fara da taɓe baki kamar wadda aka miƙa wa tuwon jiya babu ɗumame.

Dawowar Hafiza ke nan daga asibiti, ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Shekararta ashirin da bakwai, ungozoma ce, rabin jariran unguwar a hannunta suka faɗo. Amma a wurin Goggo, yayar mahaifinta da ta raine ta tun rasuwar uwarta, har gobe yarinya ce da ba ta san dama da hagu ba.

"Kin san ko waye ubanshi?" Goggo ta ci gaba tana tsince shinkafa. "Ubanshi ubanmu yake bi gona yana mashi kiɗa. In an tashi a jefa mashi damin dawa ya saɓa yana godiya. Da idona na gani. Ƙwarya ta bi ƙwarya, ɗiyata, in ta bi akushi fashewa take."

Hafiza ta so ta tambaya wane ne ƙwaryar wane ne akushin, amma ta haɗiye, ta shige ɗaki.

Makaɗin, Ɗanliti, mutumin Damari ne, can ƙasar Sabuwa. A Faskari suka haɗu bara, lokacin da aka tura ta duba matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, shi kuma ya je ya yi musu waƙa ba don kowa ya ba shi komai ba. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Wata biyu da suka wuce ya turo manyansa, suka keto wannan muguwar hanyar tun da sassafe. Alhaji Muttaka, mahaifin Hafiza, babban dillalin hatsi, ya bar su zaune a zaure tun hantsi har aka kira azahar, sannan ya leƙo ya ce musu shi ba ya yi wa 'yarsa dole, ta zaɓi wanda take so a cikin mutane. Amma shi ne waliyyinta, kuma bakinsa ba zai taɓa furta ya ba makaɗi ba. Ko ruwa sai da za su tafi aka tuna ba a kai musu ba.

Mutanen da Alhaji yake nufi kuwa, ga dukan alamu mutum ɗaya ne, wato Salahuddeen.

Salahuddeen mai sayar da takin zamani ne a Faskari, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Yana da mota, yana da tumbi ɗan madaidaici, yana da wayoyi biyu da yake jerawa a kan tabarma kafin ma ya gama gaisuwa. Duk zuwansa zance sai ya saƙo maganar Ɗanliti, ya ce waƙar ƙauyawa ce, mutum ya zauna yana kukan ciyawa da garma a zamanin da ake zuwa wata. In ya faɗa sai ya yi dariya shi kaɗai. Abin da bai sani ba, Hafiza ta taɓa wucewa ta ƙofar shagonsa ranar kasuwa, ta ji muryar Ɗanliti tana tashi daga ƙatuwar sifika, manoma sun yi dafifi a bakin shagon. Wato waƙar ƙauyawan ce take sayar masa da takin.

Shi ma faifan Ɗanlitin haka ya ci garin, kowa yana zaginsa da baki yana ɗauke da shi a aljihu.

Waƙoƙi tara ne, a wani ɗan ɗaki a Funtuwa aka ɗauke su. Babu fiyano, babu na'urar gyaran murya. Gurmi ne da ganga ɗaya da 'yan amshi biyu, sai muryar Ɗanliti mai ɗan dishi-dishi. Ba ya yabon mai kuɗi, ba ya yi wa kowa zambo. Sunaye kawai yake kira: ƙauyukan da suka zama kufai, gonakin da aka bari da amfani a tsaye, fadamun da yanzu ba mai iya taka su, da manoman da suka nome su tun kaka da kakanni. Ubansa ya yi shekara arba'in yana kiɗan gayya daga Damari har bayan Ketare, duk sunayen nan ya bar wa ɗansa, su ne kaɗai gadonsa.

Masu tura waƙa a kasuwa sun gaji da tura shi. Direbobin haya ba su da wani, haka 'yan acaɓa da masu shayi. Hafiza ta ga tsofaffin mata a Faskari sun zagaye waya ɗaya, ba mai motsi, kowace tana jiran a iso garinsu. In an kira shi sai ta ja mayafi ta rufe fuska, sauran su matsa mata. Yaran birni masu matsattsen wando kuwa, da suke cewa kiɗan tsofaffi ne, a kunne suke maƙala shi don kada abokai su ji.

Waƙa ta bakwai ita ce ta Sarkin Noma Almu na Mai-Ɗorawa, wani ƙauye a bayan Ketare, mutumin da ya ɗaure dami dubu shekara uku a jere. Almu kuwa shi ne ya haifi Alhaji Muttaka da Goggo Lauratu.

Alhaji ba ya son a tuna masa da Mai-Ɗorawa. Tun yana saurayi ya baro ta, ya koyi sa takalmi sau-ciki da cewa "mutanen karkara" kamar a kan kwalta aka yanke masa cibiya. Amma shekara huɗu da suka wuce, da aka watsa ƙauyen, Hafiza ta ga yadda ya yi kwana biyu bai ci abinci ba. Kabarin ubansa yana can, ba mai iya zuwa.

A nan ne dabara ta zo mata, irin dabarar da take zuwa wa mai so, wadda ba ta tsayawa shawara da kowa.

Alhaji yana da 'yar rediyo mai cin memori da yake sauraren karatu da ita bayan la'asar. Wata Talata tana gyara zaure ta zare memorinsa ta sa nata, ta saita shi daidai kan waƙa ta bakwai, ta koma ta laɓe a bayan ƙofar cikin gida.

Alhaji ya shigo ya kunna. Gurmi ya fara. Ta ga hannunsa ya tafi zai kashe, sai murya ta shigo.

"Almu na Mai-Ɗorawa, ɗan Jabiru,
Garma ta san tafin hannunka,
Yau ga tofa ta gaje gonarka,
Wa zai je ya gaya maka?"

Hannun ya tsaya a iska. Bai kashe ba. Da waƙar ta ƙare ya yi ta latse-latse har ya gano yadda ake maido ta baya. Sau huɗu ya ji ta a ranar. Bai tambayi wanda ya taɓa masa rediyo ba, bai kuma nemi memorin karatunsa ba. Laraba haka, Alhamis haka. Da yammacin Alhamis ɗin ya shigo cikin gida, bai dubi kowa ba, ya ce a gaya wa yaron nan na Damari yana son ganinsa gobe bayan an sauko Juma'a.

Hafiza ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta nemo lambar Ɗanliti.

Ɗanliti ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Ya ce zai zo in sha Allahu, amma zai bar gurmin a gida.

"Ka bar shi? To mi ya kira ka dominshi in ba shi ba?"

"Hafiza, mai neman aure ba ya ɗaga murya gaban surukinshi. Ko ido ba ya haɗawa da shi. Ke kuma kina so in zauna gabanshi in buɗe baki in kama sunan ubanshi, har da na kakanshi."

"Ai ka riga ka kama, duniya duk ta ji."

"Wannan faifai ne. Faifai ba ya neman aure."

Ta ji hawaye sun taho mata. Ta zauna a bakin gado ta ce masa shi bai san gidan nan ba. Wata biyu ke nan ba a kiran sunansa sai da tsaki. Wata biyu tana cin abinci da gori, tana kwana da gori, Goggo ta sa ta a gaba, wancan mai tumbin yana zarya kamar an riga an ba shi.

"Ban taɓa ganin Baba ya yi laushi a kan komi ba sai a kan waƙar ga. Ita kaɗai ce ƙofar da ta buɗe mana. In ka zo hannu rabbana, mi zai gani? Talakan Damari da riga ɗaya. Ka bari ya ga abin da ni na gani."

"Abin da kika gani daban, abin da zai gani daban. Ke ɗiyar birni ce, akwai abin da ba ki sani ba."

"To ni ce ban sani ba. Kullum ni ce ban sani ba, a wurin Goggo, a wurinka." Kuka ya ci ƙarfinta. "In dai kunyar gurmin kake ji ka gaya mani. Su sun raina shi, ashe kai ma ka raina shi."

Ta san ta soke shi a inda bai kamata ba, kuma ba ta janye ba.

"Ban taɓa jin kunyar abin ubana ba," ya ce a hankali. "Zan taho da shi. Ki daina kuka."

Washegari zauren Alhaji Muttaka ya cika. Ashe ya aika wa tsofaffin Mai-Ɗorawa da ke raɓe a gidajen 'yan uwa a cikin gari, su bakwai, duk sun zo da rigunan Juma'arsu da suka sha wanki har suka koɗe. Salahuddeen ma ga shi nan, ba wanda ya gayyace shi, ya samu wuri kusa da Alhaji ya jera wayoyinsa.

Hafiza tana bayan ƙofa, Goggo tana gefenta a kan kujera 'yar tsugunno, wai ita iska ta fito sha.

Ɗanliti ya yi sallama ya tuɓe takalmi tun daga waje. Dogo ne, baƙi, siriri, tafiyar babur ta bar masa jar ƙasa a gefen hula. Ya durƙusa nesa da tabarmar Alhaji ya yi gaisuwa kansa a ƙasa. Gurmin yana rataye a bayansa cikin jakar yadi.

Goggo ta leƙa ta ga jakar. Maimakon tsakin da Hafiza take jira, sai ta ga tsohuwar ta yi wani ɗan murmushi ta gyara zama.

Salahuddeen ne ya fara magana, wai ashe abin da ake ta surutu a kai ɗan ƙoƙo ne da tsinke, shi ya zaci wani injin ne. Ba wanda ya taya shi dariya. Alhaji ko kallonsa bai yi ba, ya dubi Ɗanliti ya ce yana son ya ji ta Sarkin Noma, daga bakinsa.

Ɗanliti ya gyara durƙuso. Sannan ya kwance jakar.

Abin da ke cikin faifai somin taɓi ne. A nan ya kira gonakin Almu ɗaya bayan ɗaya, ta bakin rafi da ta gindin ɗorawa da wadda ake ce wa Mai-Kunama. Ya kira sunan bijiman da suka ja masa garma. Ya faɗi shekarar da fari ya cinye ƙasa Almu ya buɗe rumbu uku bai auna wa kowa ba. Ya juya kan tsofaffin nan, ya kira uban kowannensu da inda gonarsa ta yi iyaka da ta wane. Wani tsoho mai ido ɗaya ya fara amsawa, sauran suka kama, zauren dillalin hatsi ya koma filin gayya. Masu wucewa suka tsaya a ƙofa. Wayar Salahuddeen ta yi ƙara, wani tsoho ya harare shi, ya kashe ta jiki na ɓari.

Hafiza ba ta kallon kowa sai mahaifinta. Ta ga gemunsa ya jiƙe. Mutumin da ko ranar jana'izar matarsa ba a ga hawayensa ba, yau ga shi yana sharɓe a gaban jama'a bai damu ya share ba. Daɗi ya cika ta har ta ji kamar ta yi guɗa. Ta ce a ranta, yau dai Goggo da mai tumbi za su san wanda suka raina.

Gurmi ya yi shiru. Alhaji Muttaka ya dafa bango ya miƙe. Babbar riga ce a jikinsa, farar shadda mai aiki har ciki, wadda ba ya sa ta sai Juma'a da Salla. Ya kama wuyanta ya tuɓe ta a gaban kowa, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Ya taka har inda Ɗanliti yake durƙushe, ya yafa masa ita a kafaɗa da hannunsa biyu.

Tsofaffi suka ɗauki madalla, Allah ya yi albarka, ɗan Almu ya yi abin da ubansa yake yi.

Hafiza ta damƙi hannun Goggo. "Kin gani? Rigarshi ya ba shi, Goggo. Ya karɓe shi."

Goggo ta zare hannunta, ta dube ta sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi karatu mai yawa bai san komai ba.

"Ya karɓe shi mana. Ke a asibitin naku ba a koya maku ba? Suruki shi ke kawo riga gidan su yarinya. Wanda maigida ya tuɓe riga ya yafa mawa, maroƙin gida ne, shi da ɗiyanshi. Ba a taɓa ba maroƙin gida ɗiyar gida ba, ko a garin mahaukata." Ta kakkaɓe zaninta. "Ni da na yi wata biyu ina fama, ashe ke za ki gama mani aikin."

Hafiza ta sake manna ido a tsagar ƙofar.

Sai yanzu ta ga fuskar Ɗanliti. Bai ɗago ba, bai kai hannu ya taɓa rigar ba, yana nan durƙushe ta lulluɓe shi har ƙasa. Ya sani tun kafin ta sauka a kafaɗarsa. In ya ture ta, ya watsa wa Alhaji ƙasa a ido a gaban mutanen ubansa, a ranar da Alhajin ya yi kuka a gabansu, kuma wanda ya yi haka ba ya sake taka zauren. In ya bar ta, ya zama abin da Goggo ta faɗa. Ta tsani kanta a wannan lokacin fiye da yadda ta taɓa tsanar Salahuddeen, wanda shi ma sai yanzu ya gane abin da ya faru, yana ta washe baki yana cewa gaskiya yaron ya iya.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu mugunta a fuskar mahaifinta. Da tarko ya ɗana da ta san yadda za ta yi faɗa da shi. Ƙauna ce tsantsa, irin wadda ba ta taɓa ganin ya nuna wa wani bare ba. Ya dafa kan Ɗanliti.

"Ubanka ya yi wa ubana, kai ka yi mani. Daga yau gidan ga gidanka ne, ba ka da shamaki. Kuma ku shaida, duk ranar da Allah ya kawo wa Hafiza miji, ba wanda zai yi mana kiɗan bikin sai kai."

Zauren ya yi tsit ana jiran amsa, domin ba a yi wa makaɗi kyauta ya yi shiru.

Hafiza ta buɗe baki za ta kira sunan Ɗanliti, amma Goggo ta riga ta toshe mata shi da tafin hannu. Tana gani ya ɗago kai a hankali, bai dubi wajen ƙofar ba ko sau ɗaya. Ya sa hannu biyu ya kama bakin rigar ya gyara ta a kafaɗarsa, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama.

"Godiya nake, ranka ya daɗe. Allah ya kai mu ranar."